Tukunyar Gida ko ta Makaranta: Wa Ke da Ikon Zaɓar Abincin Ranar Yaro a Sabo Ibadan?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babu inda gaskiyar wannan zance ta fi fitowa kamar a ajin firamare idan rana ta take, malami yana ta bayani a gaban allo, yaro kuwa hankalinsa yana kan cikinsa. Kowa ya yarda cewa yaron da ke karatu sai ya ci. Inda ake saɓani shi ne wajen wanda zai yanke abin da zai ci ɗin: iyayen da suka haife shi, ko makarantar da take riƙe da shi tun da safe har bayan azahar?

A kallon farko tambayar ta yi kama da ƙaramar magana ta kwano da cokali. Amma idan aka tona ta, za a tarar a ƙarƙashinta akwai tsohuwar mas'alar nan da malaman fiƙihu da masana falsafa suka daɗe suna juyawa, wato iyakar ikon uba a kan ɗansa, da iyakar ikon hukuma a kan 'ya'yan talakawanta. Mun zaɓi mu dube ta daga unguwar Sabo da ke Mokola a birnin Ibadan, domin a can abincin gida daban yake da abincin gari. Abin da yake ɓoye a Kano ko Katsina, inda mai girkin makaranta da uwar yaro suke tuƙa tuwo iri ɗaya, a can yana bayyana ƙarara. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, ikon zaɓar abincin yaro yana bin ɗawainiyar ciyar da shi, kuma ikon nan kashi biyu ne: akwai ikon hani, wanda yake hannun iyaye, akwai kuma ikon ma'auni, wanda yake hannun makaranta.

Sabo da tukunyarta

An kafa Sabo a shekarar 1916, lokacin da aka keɓe wa Hausawa 'yan kasuwa wuri guda a Mokola, bayan sun daɗe suna zaune a warwatse a cikin garin Ibadan. Sana'o'i biyu ne suka riƙe unguwar a wancan zamani: shanun da ake gangarowa da su daga Arewa, da goron da ake haurawa da shi. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya yi bincike a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. Daga cikin abin da ya nuna akwai yadda masu gida, wato masu saukar baƙi, suke ɗauke da kwanan fatake da cinsu, da yadda matan aure da ke cikin kulle suke dafa abincin sayarwa, yara su fita da shi talla. Ke nan tun asali abinci a Sabo ya wuce maganin yunwa. Da shi maigida yake riƙe baƙonsa, da shi kuma mace take tara jarinta ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Makarantar boko kuwa ba ta samu shiga unguwar da sauƙi ba. Gwamnatin Jihar Yamma ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, wadda hedikwatarta take nan Ibadan, ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955, amma mutanen Sabo ba su yi rububin kai 'ya'yansu ba, allo suka riƙe. Abin da suke tsoro shi ne irin mutumin da makaranta za ta mayar musu da yaro. Wannan tsoro ya ragu ƙwarai, domin a yau 'ya'yan Sabo suna makarantun gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya, da yawansu ma suna jin Yarabanci kamar 'yan gari. Sai dai aminci abu ne mai wuyar ginawa, mai saurin rushewa, kuma duk abin da zai shiga bakin yaro yana iya ƙarfafa shi ko ya tsaga shi.

Ya kamata mu faɗa tun da wuri cewa maganar ba ta ƙyamar abincin wani ba ce. Tukunyar Ibadan ta daɗe da gauraya. Naman da ke cikin miyar Bayarabe saniyar Arewa ce, waken da ake yin miyar gbegiri da shi, da albasa da tumatir da tattasai, mafi yawansu motocin Arewa ne suke sauke su a kasuwannin Bodija da Shasha. Bahaushe ya koyi cin teba da tuwon alabo, Bayarabe kuma yana bin layin tsiren Sabo da daddare. Bugu da ƙari, Ibadan gari ne mai ɗimbin Musulmi. Duk da haka, yaron da ya tashi da kunu da ƙosai, ya saba da ɗanwake da garau-garau da tuwo miyar kuka, idan aka ajiye masa amala da ewedu a makaranta, uwarsa za ta so ta san wa ya dafa, da me aka dafa, wa ya yanka naman. Wannan tambaya tata ba rashin wayewa ba ce.

Yadda hukuma ta sa hannu a kwanon yaro

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya kai ɗansa makaranta, ta kuma lissafa abincin rana cikin abubuwan da ya kamata a ba ɗalibi kyauta. A 2005 gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta fara gwajin ciyar da ɗalibai a jihohi 12 da Abuja, amma ba a jima ba mafi yawansu suka watsar, Jihar Osun ce ta yi fice wajen riƙewa. A 2016 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta farfaɗo da shirin, Jihar Oyo kuma tana cikin waɗanda suka shiga tun 2017. Tsarin shi ne a ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa aji uku na firamaren gwamnati sau ɗaya a yini, a kan naira 70 kowane yaro, a ɗauki mata masu girki daga yankin makarantar, a riƙa biyansu ta banki, a sayi kayan abincin daga manoman gida. Gwamnati ta ce yaran da aka ciyar sun haura miliyan 9. A 2022 aka ɗaga kuɗin zuwa naira 100. A watan Janairun 2024 gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, ciki har da wannan, domin binciken yadda ake kashe kuɗinsu. Tun kafin nan ma ciyarwar ta sha tsayawa a jihohi da dama saboda jinkirin biyan masu girki.

Abin lura a nan shi ne, jadawalin abincin a ofisoshin jiha ake tsara shi, bisa abin da mafi yawan mutanen jihar suke ci. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa, domin babu gwamnatin da za ta iya ɗora tukunya daban ga kowane gida. Amma duk inda aka yi tsari don mafi yawa, to tsiraru ne suke biyan kuɗin daidaitawar, kuma a Ibadan ɗan Sabo yana cikin tsirarun.

Hujjar iyaye

Hujjar iyaye ta farko ita ce ta haƙƙi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, reno kuma uwa ce ta fi cancanta da shi. Wanda aka ɗora wa nauyi, aka kuma ce za a tambaye shi gobe ƙiyama, ba adalci ba ne a karɓe masa zaɓi a bar masa tambayar. Malamin makaranta wakili ne, wakili kuwa ba ya wuce iyakar abin da aka wakilta shi a kai.

Ta biyu ita ce ta sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwa ce ta san ɗanta mai ciwon sikila ne, ko jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko ƙwai, ko ya kwana da zawo, ko kuwa yau yana koyon azumi zai kai azahar. Malamin da ke fama da yara saba'in a aji guda ba zai riƙe wannan duka ba, komai kirkinsa.

Ta uku ita ce ta imani. Ga Musulmi, halas da haram a abinci ibada ce. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko shiga bikin addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. A watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi na makarantun Jihar Legas 'yancin sa hijabi. Idan har abin da ake yafawa a kan jiki ya samu wannan kariya, abin da zai shiga cikin jiki ya zama jini da tsoka ya fi cancanta da ita. Wannan mas'ala ta taso a wasu ƙasashen ma. A Faransa, hukumar garin Chalon-sur-Saône ta soke madadin abincin da ake ba yaran da ba sa cin naman alade a 2015, aka yi ta shari'a har 2020, lokacin da babbar kotun da ke duba ayyukan hukuma ta yanke cewa ba da madadin bai saɓa wa tsarin raba addini da gwamnati ba. A Ibadan ba naman alade ake tsoro ba, abin da ake tambaya shi ne yanka da tsarkin tukunya, amma tushen maganar ɗaya ne.

Ta huɗu ita ce ta aminci, kuma ita ce mafi nauyi a zukatan mutanenmu. Sabo tana Kurmi, amma kunnenta yana Arewa, duk abin da ya faru a can motocin shanu suna kawo labarinsa kafin jarida. Ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a cikin wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har aka sasanta da Jihar Kano a 2009. Wannan yana cikin abubuwan da suka ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Tukunyar taro ma tana da nata haɗarin: a Jihar Bihar ta Indiya, a watan Yulin 2013, yara 23 suka mutu bayan cin abincin makaranta da ya gauraya da maganin ƙwari. Uban da ya ce sai ya san mai dafa wa ɗansa yana da tarihi a bayansa.

A ƙarshe, iyaye za su ce kwanon gida shi ma makaranta ne. A gabansa yaro yake koyon wanke hannu da yin bismilla, da ci da hannun dama, da cin gabansa, da barin nama ga babba ya raba, da kawar da kai daga abin hannun mutane. Al'ummar da ke zaune a garin wasu da irin waɗannan ƙananan abubuwa take riƙe kamanninta.

Hujjar makaranta

Duk da ƙarfin waɗannan hujjoji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu tambayi kanmu, a gidaje nawa ne iyaye suke zaɓar abincin ranar yaro da gaske? Abin da aka fi yi shi ne a miƙa masa kuɗin tara ya fita. Daga nan zaɓi ya bar hannun uba, ya koma hannun yaro ɗan shekara bakwai da mai tallan da ke bakin ƙofar makaranta. Yaro kuwa zaƙi yake bi. Zai sayi alawa da biskit da ruwan kala a leda, ko fanken da aka soya da man da ya kwana uku a kasko, ƙuda yana bi. Uban da ya ba da kuɗi ya juya baya bai yi zaɓi ba, sallamawa ya yi. Idan irin wannan uba ya tashi yana cewa makaranta ta ƙwace masa iko, sai mu ce masa ikon da yake kuka a kai ya daɗe da barin hannunsa.

Akwai kuma gidajen da ko kuɗin tarar babu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi muni a Arewa maso Yamma, inda mafi yawan baƙin Sabo suke fitowa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ga ɗan ɗan dako ko ɗan mai gyaran takalmi, muhawarar wa zai zaɓa ba ta ma taso ba, domin babu abin zaɓar. 'Yancin da ya ƙare a kan yaro ya wuni da yunwa, 'yancin uba ne, kuɗinsa kuwa yaro ne yake biya.

Haka kuma kwano yana tona asirin gida. Idan kowa ya zo da nasa, ɗan mai canjin kuɗi ya buɗe kula mai shinkafa da kaza, na kusa da shi ya ɓoye ƙullin garin kwaki a aljihu, to makaranta ta koyar da darasin da ba ya cikin manhaja. Tukunya ɗaya tana rufe wannan asiri, tana kuma zaunar da ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe a kan benci ɗaya suna cin abu ɗaya. Garin da ya ga rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 bai kamata ya raina duk abin da zai sa yara su tashi da sanin juna ba.

Sa'an nan ga maganar talla. Abincin ranar gwauraye da baƙin unguwa, kamar yadda aka saba tun zamanin da Cohen ya gani, a kan 'yan mata ƙanana yake yawo. Yarinyar da ke ɗauke da abincin ranar wasu, ita ce wadda kujerarta take wayam a aji. Ciyarwar makaranta tana ɗaya daga cikin 'yan dalilan da kan sa uwa ta sake lissafi. An ga haka a Kaduna a 2016, inda makarantu suka cika maƙil da aka fara ciyarwa, ko da yake an yi ta kukan cewa wasu yaran da sun ci sai su sulale.

Daɗin daɗawa, al'adarmu ba ta taɓa cewa mahaifi kaɗai ke ciyar da ɗa ba. Mu ne muke cewa ɗa na kowa ne. Mu ne muke ba da riƙo, ɗan fari ya tashi a hannun kakanni ko gwaggo. Mu ne kuma muke miƙa yaro ga malamin allo a wani gari mai nisa, ya ci abin da gidajen unguwa suka zuba masa a ƙoƙo, babu mai tambayar wa ya dafa. Al'ummar da ta yarda da wannan ba ta da bakin cewa haramun ne makaranta ta ciyar. Shari'a ma ta sa ciyar da mayunwaci a wuyan jama'a idan na kusa da shi ya gaza. Yaro amana ne a hannun ubansa, ba dukiyarsa ba ce da zai yi yadda ya ga dama da ita.

Iko yana bin ɗawainiya

Idan muka auna hujjojin nan biyu, za mu ga ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Iyaye sun fi ƙarfi wajen faɗin abin da bai kamata ya shiga cikin ɗansu ba. Makaranta ta fi ƙarfi wajen faɗin abin da bai kamata yaro ya rasa ba. Saboda haka muke ganin rabon ya kasance kamar haka.

Ikon hani na iyaye ne. Idan uba ya ce ɗansa ba zai ci abu kaza ba saboda addini ko lafiya, maganarsa ta zauna, ba sai ya kawo wa hedimasta hujja ba. Idan uwa ta ga dama ta ɗaura wa ɗanta ɗanwake ko dambu a kula, babu mai ikon mayar da shi gida. Makarantar da ta hana zuwa da abincin gida ta wuce gona da iri. An yi haka a wata firamare mai suna Little Village Academy da ke birnin Chicago na Amurka, labarin ya fito a 2011, inda aka hana yara zuwa da abinci daga gida sai mai uzurin lafiya, da hujjar cewa na makaranta ya fi gina jiki. Niyyar mai kyau ce, amma ma'anarta ita ce an yanke wa dukkan iyaye hukuncin gazawa saboda gazawar wasu.

Ikon ma'auni kuwa na makaranta ne. Tana da haƙƙin ta ce babu yaron da zai wuni a ajinta da yunwa, ta tantance masu sayar da abinci a harabarta, ta duba lafiyarsu da tsabtarsu, ta kori mai sayar da abin da zai cutar, ta kira uban da kullum ɗansa ke zuwa ciki wayam ta ji dalili. Uba ba zai fake da 'yanci ya hana wannan ba, domin ikonsa a kan yaro don amfanin yaron aka ba shi, ranar da ya juya ya zama cuta ya rasa tushensa.

Amma wannan iko na makaranta yana da sharaɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar da ta ce ita za ta tsara abincin yaro, to ta ɗauki nauyin kawo shi kullum, a kan kuɗin da zai isa. Naira 100 da aka tsayar a 2022, kafin 2024 ta ƙare ko ƙwai guda ba ta saye. Ciyarwar da za a yi wannan zango a tsallake na gaba ta fi rashinta ɓarna ta wata fuskar, domin uwa ta riga ta daina ɗaura abinci, uba ya cire kuɗin tara daga lissafinsa, sai yaro ya je ya tarar tukunya a kife. Hukumar da ke haka tana zubar da hujjarta da hannunta. Haka ma uban da ke neman ikon hani, dole ya yarda cewa idan ya hana wannan sai ya kawo wancan. Ba a ce wa yaro kada ya ci na makaranta alhali ba a ba shi na gida ba.

To ina mahaɗa? Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Mafi yawan zargin da ke tasowa a kan abincin makaranta, rashin shawara ne ke haifar da shi. Ƙasar Barazil ta gane haka: dokarta ta 2009 ta tanadi a kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin ciyarwar da gwamnatin tarayya ke bayarwa wajen sayen amfanin ƙananan manoma, a tsara abincin bisa al'adar cin mutanen wurin, a kuma sa wakilan iyaye cikin majalisar da ke sa ido. A Sabo maganin ma ya fi wannan kusa. Unguwar da matanta suka shafe sama da shekara ɗari suna ciyar da fatake ba za ta rasa masu dafa wa 'ya'yanta ba. Idan aka sa matan Sabo cikin masu girkin makarantun da 'ya'yansu suke, aka sayi nama daga mahaucin da unguwa ta sani, aka bar jadawalin ya ɗauki waina da wake da shinkafa kamar yadda ya ɗauki amala da alale, to tambayar wa ya dafa ta amsa kanta. Sa'an nan uwar da ta samu kasuwa a cikin makaranta ba ta da sauran dalilin tura 'yarta talla a lokacin karatu.

Wannan kuwa ba zai samu ba sai iyayen Sabo sun halarci inda ake yanke maganar. Ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin gudanar da makaranta ƙofofi ne a buɗe, amma sau da yawa maigida yana kasuwa, uwargida tana cikin gida, sai a yanke a bayansu, su zo daga baya suna ƙorafi. Haƙƙin da ba a zuwa karɓarsa, wani ne yake amfani da shi. Masu unguwa da limamai da shugabannin 'yan kasuwa suna da rawar takawa a nan, kamar yadda suke takawa idan maganar rumfa ko haraji ta taso.

Kada kuma a manta da mai cikin. Yaro ba shi da hankalin da zai tsara wa kansa abinci, amma yana da harshe. Abincin da ya ƙare a kwata bai gina jikin kowa ba, komai kyan lissafin da aka yi a kansa a ofis. Mai girkin da ta ga kwanuka suna dawowa da saura ranar kaza, ta samu labarin da ya kamata ya isa kunnen masu tsara jadawali.

Kammalawa

Mun ga cewa tambayar wa zai zaɓi abincin ranar yaro ba ta da amsa guda mai sunan mutum ɗaya. Iyaye suna da ikon cewa a'a ga abin da ya saɓa wa imaninsu ko lafiyar ɗansu, makaranta tana da ikon tsayar da mafi ƙarancin abin da kowane yaro zai samu na ƙoshi da tsabta, kuma kowannensu ikonsa yana tsayawa ne daidai inda ɗawainiyarsa ta tsaya. Abin da ke cikin haɗari a Sabo ya wuce cikin yaro na yini ɗaya. Amincin da ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya ƙullu tsakanin unguwar da makarantar boko shi ne a kan sikeli. Idan aka tilasta wa iyaye tukunyar da ba su san mai ita ba, wasu za su janye 'ya'yansu, 'yan mata ne kuma za a fara janyewa. Idan kuma aka bar komai a hannun kuɗin tara, ɗan mai hali zai ƙoshi, ɗan talaka ya riƙa gyangyaɗi a bayan aji har ya gaji ya daina zuwa. A duka biyun yaro ne ke asara, shi da ba a nemi shawararsa ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana, amin.